Babi Na Biyu: Tarihin Tafiyar Ɗalibai Daga Gida Zuwa Jami'a a Nijeriya Tun Daga 1948

2.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi waiwaye ne a kan yadda ɗalibai suka riƙa barin garuruwansu zuwa jami'o'i a Nijeriya, tun daga buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarar 1948. Abubuwa biyu aka sa wa ido. Na farko shi ne nisan tafiyar da ɗalibi kan yi kafin ya isa jami'a. Na biyu kuwa shi ne irin mutanen da yakan tarar idan ya isa, wato ko 'yan ƙabilarsa ne ko kuwa baƙin fuska. A ƙasa irin Nijeriya mai ƙabilu fiye da 250, waɗannan abubuwa biyu tare suke tafiya, domin kusan kowace ƙabila tana da yankin da ta fi yawa a cikinsa. Saboda haka wanda ya yi nisa da gida shi ne ya fi samun damar cuɗanya da wasu.

Hukumomin ƙasar nan sun daɗe suna fama da buƙatu biyu masu karo da juna. Ana son jami'a ta zama wurin da matasan ƙabilu daban-daban za su zauna tare su san juna. Ana kuma son a cike ratar ilimin boko da ke tsakanin yankuna. Babin zai nuna cewa yawancin matakan da aka ɗauka don biyan buƙata ta biyu sun matso da jami'a kusa da gida, kuma hakan ya rage cuɗanyar da buƙata ta farko take nema.

2.1 Tushen Ratar da Ke Tsakanin Yankuna

Barin gida don neman ilimi tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa almajirai kan tafi gabas, wato ƙasar Barno, domin haddar Alƙur'ani, wasu kuma su nufi Zariya domin nahawu da lugga, ko Katsina wadda ta yi suna da manyan malamai. A waɗannan tsangayu da zauruka Bahaushe da Bafillace da Babarbare da Banufe sukan zauna gaban malami guda. Ke nan abin da ilimin boko ya sauya shi ne alƙiblar tafiyar da kuma waɗanda suka samu shiga cikinta.

Ilimin boko ta bakin teku ya shigo. Turawan mishan sun sauka Badagiri a 1842, kuma a 1859 aka buɗe makarantar sakandare ta farko a Ikko, wato ta mishan ɗin CMS. A Arewa kuwa sai a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta Nasarawa a Kano, sannan Kwalejin Katsina ta biyo baya a 1922. Wannan ya nuna tazarar shekaru fiye da sittin tsakanin sakandaren farko ta Kudu da makarantar gaba da firamare ta farko a Arewa.

Bugu da ƙari, akwai wata ratar a cikin Arewar kanta. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita ayyukan mishan a masarautun Musulmi, bisa alƙawarin da ta yi wa sarakuna cewa ba za ta tsoma baki a addini ba. Sai 'yan mishan suka karkata zuwa kudancin Zariya da Filato da Binuwai da Kabba da wasu sassan Adamawa, inda suka buɗe makarantu irin na Gindiri. Iyaye Musulmi da yawa kuma sun ƙyamaci boko don tsoron kada 'ya'yansu su bar addini. Daga baya gwamnatin Jihar Yamma ta fara ba da ilimin firamare kyauta a 1955, ta Gabas ta bi sahu a 1957. Duk waɗannan sun sa lokacin da jami'a ta zo, taswirar waɗanda suka cancanci shiga ta riga ta karkata ɓangare guda.

2.2 Zamanin Jami'a Guda, 1948 Zuwa 1960

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a watan Janairu na 1948 da ɗalibai 104, waɗanda aka kwaso daga Babbar Kwalejin Yaba, ƙarƙashin shugabancin Kenneth Mellanby. Digirin Jami'ar Landan ake bayarwa a wurin. Har tsawon shekara goma sha biyu ita kaɗai ce a ƙasar, saboda haka duk mai son digiri, in ba Bayarabe ne na kusa ba, dole ya yi doguwar tafiya.

Jirgin ƙasa shi ne babbar hanya. Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Zariya yakan bi layin dogon da ya isa Kano a 1911, ya ratsa Kaduna da Minna, ya ƙetare Kwara a Jabba, ya wuce Ilori kafin ya sauka Ibadan. Na Gabas kuwa yakan ƙetare Kwara da jirgin fito daga Anaca zuwa Asaba, domin sai a 1965 aka buɗe gadar wurin. Tsadar tafiya da nisanta sun sa ɗalibi ba ya komawa gida sai an yi dogon hutu. Kusan kowa a ɗakunan kwanan jami'a yake zaune, kuma a zauren cin abinci guda ake haɗuwa. Wannan zama ya haifar da abota da auratayya tsakanin ƙabilu, ya kuma samar da rukunin 'yan boko da suka san juna kafin su hau manyan kujerun gwamnati.

Sai dai 'yan Arewa ƙalilan ne ƙwarai a cikin wannan rukuni. Yarbawa da Ibo da 'yan ƙabilun bakin teku su ne suka cika kwalejin. Cikin 'yan Arewan da suka ratsa ta a shekarun farko akwai Ishaya Audu, haifaffen Ancau, wanda ya fara karatun likita a can. Shugabannin Arewa sun ga haɗarin da ke cikin wannan, domin mai digiri shi ne zai gaji kujerar Bature idan an sami mulkin kai. Wannan tsoro na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin Sardauna ta dage a kan manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin jihar tun daga tsakiyar shekarun 1950.

Akwai kuma tafiyar da ta bi ɗaya ɓangaren, wato daga Kudu zuwa Arewa. A farkon shekarun 1950 aka kafa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya mai rassa a Ibadan da Inugu da Zariya. Reshen Zariya ne ya riƙe fannoni irin su aikin injiniya da zanen gine-gine da zane-zane. Wannan ya sa matasan Kudu irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka zo Zariya, har suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Darasin da ke nan shi ne, idan fanni ba ya samuwa sai a wuri ɗaya, ɗalibi zai bi shi komai nisa.

2.3 Jami'o'in Yankuna da Yaƙin Basasa, 1960 Zuwa 1970

A 1959 gwamnati ta kafa kwamitin Eric Ashby don duba buƙatun ƙasar a fannin ilimi mai zurfi, ya kuma miƙa rahotonsa a 1960. Cikin shekara biyu jami'o'i suka ƙaru daga ɗaya zuwa biyar. An buɗe ta Nsukka a watan Oktoba na 1960, sannan ta Ife da ta Ikko da ta Ahmadu Bello a 1962. Ibadan da Ikko na gwamnatin tarayya ne, sauran ukun kuwa kowace mallakar jiharta ce. Daga nan aka fara danganta jami'a da yanki, kuma a idon jama'a yanki yana nufin babbar ƙabilar da ke cikinsa.

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, ƙarƙashin Norman Alexander. Ta haɗa tsohuwar kwalejin fasaha ta Samaru da Cibiyar Horar da Ma'aikatan Mulki ta Kongo da cibiyar binciken aikin gona da kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano. Ko da yake don Arewa aka gina ta, makarantun Arewa ba su iya cika gurabenta ba, don haka 'yan Kudu da yawa suka samu shiga. Ko a cikin 'yan Arewan ma, 'ya'yan yankunan da mishan suka yi aiki, kamar Yarbawan Ilori da Kabba da Tibi da Idoma da Igala da mutanen Filato da kudancin Zariya, sun samu wakilcin da ya zarce yawansu idan aka kwatanta da Hausawa da Fulani da Barebari na can ƙuryar Arewa. Binciken da Paul Beckett da James O'Connell suka wallafa a 1977 a kan ɗaliban jami'o'in Nijeriya ya fito da wannan rata a fili.

Ba a daɗe ba siyasar ƙabilanci ta kutsa cikin jami'o'in. A 1965 aka ƙi sabunta wa Eni Njoku, ɗan ƙabilar Ibo, wa'adinsa na shugabancin Jami'ar Ikko, aka naɗa Saburi Biobaku, Bayarabe. Malamai da ɗalibai suka rabu gida biyu, aka rufe jami'ar na wani lokaci, har wani ɗalibi ya daɓa wa sabon shugaban wuƙa. A watan Mayu na 1966 kuma Janar Ironsi ya zartar da doka ta 34 wadda ta soke tsarin tarayya. Ɗalibai 'yan Arewa a Zariya suna cikin waɗanda suka fara zanga-zangar ƙin wannan doka, don tsoron rasa guraben aiki a jiharsu. Zanga-zangar ta rikiɗe ta zama kashe-kashe a biranen Arewa, abin ya sake ɓarkewa da muni a watannin Satumba da Oktoba, inda aka kashe dubban 'yan Gabas.

Sakamakon haka aka ga ƙaura mafi girma a tarihin jami'o'in ƙasar. Ɗalibai da malamai 'yan Gabas suka bar Zariya da Ibadan da Ikko suka koma Gabas, har da Kenneth Dike wanda shi ne shugaban Jami'ar Ibadan. Waɗanda ba 'yan Gabas ba su ma suka fice daga Nsukka. Yaƙi ya ɓarke a watan Yuli na 1967, sojojin tarayya suka kama Nsukka a cikin wannan shekara, kuma karatu bai dawo sosai a can ba sai bayan ƙarewar yaƙin a watan Janairu na 1970. Iyaye suka ɗauki darasi cewa ɗan da ya yi nisa da gida yana iya rasa mafaka ranar da ƙasa ta rikice.

2.4 Yunƙurin Haɗa Kan Ƙasa, 1970 Zuwa 1979

Gwamnatocin soja da suka biyo bayan yaƙin sun ɗauki cuɗanyar matasa a matsayin maganin rarrabuwa, kuma kuɗin man fetur ya ba su ƙarfin gwadawa. Tun a 1966 an buɗe kwalejojin gwamnatin tarayya uku a Sakkwato da Warri da Okposi, sai gwamnatin Janar Gowon ta ƙara yawansu daga 1973 domin yara su fara haɗuwa tun daga sakandare. A wannan shekara ta 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ke tura mai digiri ya yi shekara guda a wata jiha da ba tasa ba.

Ya zuwa 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in Zariya da Ife da Nsukka da Binin daga hannun jihohi. A shekarar ce kuma aka kafa sababbi bakwai: a Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kalaba, da kuma kwalejojin jami'a a Kano da Ilori da Fatakwal, waɗanda suka zama cikakkun jami'o'i a 1977. An kuma riƙa naɗa uban jami'a daga wani yanki daban. Alal misali, Oba Akenzua na Binin ne ya gaji Sardauna a Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya Cif Obafemi Awolowo ya riƙe wannan kujera, shi kuma Sarkin Kano Ado Bayero ya zama uban Jami'ar Nsukka. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Janar Obasanjo ta faɗaɗa wannan har zuwa shugabannin gudanarwa, inda aka kai Oladipo Akinkugbe Zariya, aka kai Umaru Shehu Nsukka, aka kai James Ezeilo Kano, aka kuma kai Cyril Onwumechili Ife. Yawancin waɗannan ba su daɗe a kujerun ba.

A nata ɓangaren, Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Ishaya Audu wanda ya shugabance ta daga 1966 zuwa 1975, ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a a 1970, don ɗaukar 'yan Arewa da suka gama sakandare a shirya su. Jihohin Arewa ma suka kafa nasu kwalejojin share fage. Wannan mataki ya ƙara yawan 'yan Arewa a jami'a cikin ɗan lokaci.

Ɗaliban wannan zamani sun nuna cewa cuɗanyar ta yi tasiri. A watan Afrilu na 1978, da aka ƙara kuɗin abinci da na ɗaki, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ƙarƙashin Segun Okeowo ta kira zanga-zangar neman a sauke Kwamishinan Ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An kashe ɗalibai a Ikko da Zariya, kuma babu wanda ya tsaya tambayar ƙabilar mamatan kafin ya fito. Ƙungiyoyin addini ma sun ratsa iyakokin ƙabila. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya a Ikko aka kafa ta a 1954, amma ta yi ƙarfi ƙwarai a Zariya da Kano. Sai dai a gefe guda ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da na garuruwa su ma suna ta bunƙasa, domin su ne ke tarbar sabon shiga, su nema masa wurin kwana, su kuma bi masa kuɗin tallafin karatu daga jiharsa.

2.5 Hukumar JAMB da Tsarin Rabon Gurabe

Kafin 1978 kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, har mutum guda kan samu gurbi a jami'o'i biyu ko uku alhali wani bai samu ko ɗaya ba. Don gyara wannan aka kafa hukumar JAMB a 1978, da Michael Angulu a matsayin magatakardanta na farko. An yi fatan jarrabawa guda za ta riƙa rarraba ɗalibai a faɗin ƙasa. Amma da sakamakon farko ya fito, sai 'yan Arewa suka ga cewa 'yan Kudu ne suka fi samun gurabe har a jami'o'in da ke Arewa. A farkon 1979 ɗalibai a jami'o'in Arewa suka yi zanga-zangar ƙin hukumar.

Tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba-daidai, wadda ta ce kada wata jiha ko ƙabila ta mamaye hukumomin tarayya. A farkon shekarun 1980 aka fassara wannan zuwa tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya kamar haka: kashi 40 cikin 100 bisa cancanta, kashi 30 daga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 daga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, sai kashi 10 da aka bar wa hukumar jami'a. Daga baya aka soke kason hukumar jami'a, aka mayar da rabon 45 da 35 da 20. Jerin jihohin da aka bari a baya da aka daɗe ana aiki da shi ya ƙunshi jihohi 23, wato jihohin Arewa 19 da kuma Bayelsa da Kuros Riba da Ebonyi da Ribas.

Idan aka lura, kason jihohin kewaye shi ne ya fi tasiri a kan tafiyar ɗalibai. Mai neman shiga ya san cewa idan ya zaɓi jami'ar yankinsa yana da ƙofa biyu ko uku, idan kuwa ya zaɓi ta nesa, ƙofar cancanta kaɗai ta rage masa, sai fa in jiharsa tana cikin waɗanda aka bari a baya. Masu iya magana kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A nan ma haka abin ya zama, domin wanda ya tsallake jami'ar yankinsa ya bar kason da aka ware masa. Tsarin ya sha suka daga Kudu, inda ake ganin yana tauye mai ƙoƙari. Shari'ar Badejo, wadda aka shigar a 1988 a kan bambancin makin shiga kwalejojin tarayya tsakanin jihohi, ta kai har Kotun Ƙoli, amma ba ta kawo ƙarshen tsarin ba. Masu kare shi kuwa hujjarsu ita ce, gasa tsakanin wanda ya yi sammako da wanda aka tsare a hanya ba adalci ba ce.

2.6 Jami'a a Ƙofar Gida

Tsarin mulkin 1979 ya kuma ba jihohi ikon kafa jami'o'i. Jihar Ribas da ta Anambara suka fara a 1980, sai Bendel da Imo da Ogun da Ondo da Ikko suka biyo baya kafin ƙarshen 1983. A Arewa sai a 1992 Jihar Binuwai ta kafa tata, sannan sauran suka shigo bayan dawowar mulkin farar hula: Kano ta buɗe ta Wudil a 2001, Kaduna da Gombe a 2004, Katsina a 2006. Jami'o'in jihohi sukan fifita 'yan asalin jihar wajen ɗauka, da yawansu kuma sukan caji baƙo kuɗin da ya fi na ɗan gida. A 1999 aka ba jami'o'i masu zaman kansu na farko lasisi, wato Babcock da Madonna da Igbinedion. A 2011 gwamnatin Shugaba Jonathan ta kafa jami'o'in tarayya tara, ciki har da na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Lafiya da Wukari, ta ƙara uku a 2013 a Birnin Kebbi da Gusau da Gashuwa, don kowace jiha ta samu tata.

Tattalin arziki ma ya taimaka wajen gajarta tafiya. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin abinci a jami'o'i, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, jirgin ƙasa ya durƙushe, ɗakunan kwana kuma suka kasa ɗaukar ɗalibai. Ga talaka, jami'ar da ɗansa zai riƙa zuwa daga gida, ko ya zauna wurin dangi, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai kuma matsalar tsaro. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafancan a watan Maris na 1987 ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 2011 aka kashe masu yi wa ƙasa hidima a Jihar Bauchi bayan zaɓen shugaban ƙasa. A watan Afrilu na 2012 aka kai hari kan masu ibada Kirista a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, a watan Oktoba na shekarar kuma aka kashe ɗalibai a Mubi. An sace ɗaliban Jami'ar Greenfield da ke Kaduna a 2021, da na Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2023. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara wa iyaye ɗari-ɗarin barin 'ya'yansu su ƙetare Kwara ko Binuwai.

Duk da haka, kusantowar jami'a ta kawo alherin da ba za a raina ba. 'Ya'yan manoma da ba su da kuɗin motar zuwa Ibadan sun samu digiri a Sakkwato da Dutse da Damaturu. Mata su ne suka fi cin moriya, domin iyaye da mazajen da ba za su yarda mace ta tafi wata uwa duniya ba sun amince ta yi karatu a garinsu. A ƙarshen 2019 Shugaba Buhari, a jawabinsa na bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Binin, ya umarci jami'o'in tarayya su tabbatar kowace jiha da ƙaramar hukuma ta samu wakilci a cikin ɗalibansu. Wannan umarni shaida ne cewa gwamnati da kanta ta lura jami'o'in tarayya sun koma tamkar na yanki.

2.7 Ɗan Asali da Mazaunin Gari

Akwai wata sarƙaƙiya da ta shafi ma'anar kalmar gida kanta. Tsarin mulki ya ɗora zama ɗan jiha a kan asalin iyaye ko kakanni, ba a kan wurin haihuwa ko zama ba. Hujjar da ake nema ita ce takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Saboda haka ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, ya tashi yana jin Hausa kamar jakin Kano, a takarda ɗan Anambara ne ko Imo. Haka nan Bahaushen da kakansa ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yakan koma Kano ko Katsina neman takarda. A Jos wannan batu na ɗan asali yana cikin manyan dalilan rikicin da ya ɓarke a 2001.

Ƙirƙiro jihohi ya ƙara dagula lamarin. Daga jihohi 12 a 1967 aka koma 19 a 1976, sai 21 a 1987, da 30 a 1991, da 36 a 1996. Duk lokacin da aka tsaga jiha, wanda jiya ɗan gida ne a wata makaranta yau ya wayi gari baƙo, kamar yadda ya faru ga mutanen Katsina a Jihar Kaduna a 1987, da na Jigawa a Jihar Kano a 1991. Abin lura a nan shi ne, waɗannan yara da suka tashi a cikin wata ƙabila, suka iya harshenta, su ne irin 'yan ƙasar da shirin yi wa ƙasa hidima yake fatan samarwa, amma su ne tsarin rabon gurabe ya fi matsa wa.

2.8 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tafiyar ɗalibin Nijeriya zuwa jami'a ta yi ta gajarcewa tun daga 1948. A zamanin Ibadan tafiyar doguwa ce, cuɗanya kuma mai ƙarfi, amma 'yan ƙalilan ne suka samu shiga, kuma Arewa kusan ba ta ciki. Jami'o'in yankuna da yaƙin basasa suka mayar da kowa gida. Gwamnatocin shekarun 1970 suka yi ƙoƙarin sake cakuɗa matasa, sai dai kason jihohin kewaye da jami'o'in jihohi da talauci da rashin tsaro suka rinjayi wannan ƙoƙari. An samu ƙarin adalci wajen shiga jami'a, an kuma yi asarar wani ɓangare na sanin juna. Misalin Zariya a shekarun 1950 da na Ibadan a farkonta ya nuna sharuɗɗan da ke sa ɗalibi ya yarda ya yi nisa, wato fannin da ba a samunsa a kusa, da wurin kwana da abinci masu sauƙin kuɗi, da hanya mai aminci. A babi na gaba za a dubi yadda zama da wasu ƙabilu a harabar jami'a yake tasiri a kan harshe da al'adun ɗalibai Hausawa.